Ƙofar da ta hana ka tafiya

Ni ne kafintan da ya kulle ka a ɗaki ana watsa wasa kai tsaye, jama'a na kallo. Da wannan abin kunya na san ka, kuma shi ya fara faɗo mini a rai ranar Talata, bakwai ga watan nan, da hantsi, lokacin da ɗiyata ta bugo waya ta ce, "Baba, Yallaɓai ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye guduma na zauna a kan buhun ƙusa, ban ma ji tana sukata ba.

Lokacin da abin ya faru, watana uku ke nan da ɗaukata aiki a gidan talabijin. Aikina haɗa ɗakunan wasa: bango na falle-fallen katako, taga wadda ba ta kallon ko'ina. Raina bai so ba. Na ce ni da na koyi sana'a a hannun ubana ba za a gan ni da ƙofar ƙarya ba. Sai na yi ta gaske, mai nauyi, na sa mata kuba irin wadda ke kama kanta in an tura. Na jefa mabuɗi a aljihu, na tafi shagon aski don in kalli aikina a akwati cikin mutane. Har ina nuna musu da yatsa ina cewa, "Kun ga ƙofar can? Hannun nan ne."

A wasan kai ne maigida mai saurin fushi. An rubuta za ka yi faɗa da matarka, ka ce, "Na tafi, ba za ki sake ganina ba," ka fice. Ka faɗi maganarka, ka kama ƙofa, ƙofar ta ce ba ta san zancen ba. Ka ja sau uku. Bango ya yi rawa, hoton da ke rataye ya faɗo, ƙofata tana nan daram. A zamanin babu a tsaya a sake. Sai ka gyara hula, ka juyo, ka dubi matar ka ce, "Yau rana ta yi zafi. Gobe na tafi." Ka koma ka zauna ka jawo kwanon abinci. Shagon aski ya kece da dariya, ni kuwa na taɓa aljihu na ji mabuɗi.

Washegari manaja ya ce a sallame ni, kuma da gaskiyarsa. Kai ka tsaya a gabansa ka ce, "Shekara uku ina neman halin mutumin nan da alƙalami ban samu ba, kafinta ya samo shi da kuba. Ba inda za shi." Da muka fito ka dafa kafaɗata ka ce, "Injiniya, gobe in za ka kulle ni, ka bar mini ruwan sha a ciki." Daga ranar aka samu Baba Na-Tafi, mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana barazanar barin gida bai taɓa wuce bakin ƙofa ba. Mutane sun manta sunanka na yanka. Ni kuma na riƙe aikin da na ciyar da 'ya'ya biyar da shi.

Masu ilimi za su lissafa abin da ka bari: yadda ka fara da jan wayar kyamara, ka zama ɗan wasa, ka koma rubutawa, har ka kafa kamfaninka kana shirya wasanni. Ni abin da idona ya gani zan faɗa. Ba ka taɓa cin abinci a wurin aiki ba sai mai shara ya samu nasa. Da idon tsohuwar da ke fitowa a matsayin surukarka ya mutu, aka ce ta huta, sai ka sake rubuta wasan ya zama surukar ba ta tashi daga kujera, kana zuwa gidanta kana karanta mata maganganunta har ta haddace. Ta yi shekara huɗu a haka, masu kallo ba su sani ba.

Kana da wata ɗabi'a da ta sa marubutanka suka tsane ni. Duk wasan da aka rubuta, sai ka kawo shi rumfata, ka kife bokitin fenti ka zauna, kana karantawa ina yankan katako. In zarto ya ci gaba da tafiya, ka yage shafin. In ya tsaya, shafin ya tsira. Ni da karatuna ya ƙare a aji huɗu, sai ga ni ina kayar da masu digiri ban ce uffan ba.

Ta nan ka kama ni. Ɗiyata ta biyu ta taso da son rubutu, ni kuma na hana. Na san bangon gidan talabijin ba shi da baya, ina so ta yi aikin asibiti. Ranar da na ga littafinta na ce mata gidan nan ba a cin takarda. Ba ta sake nuna mini komai ba. Ashe uwarta ta ɗauki littafin ta kai maka a ɓoye.

Wata safiya ka zo da wasa a kan wani mutum da ke gyara ƙofar kowa a unguwa, alhali ta gidansa da igiya ake ɗaure ta. Tun a shafi na biyu zarto ya tsaya. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce, "Yallaɓai, wannan sakaran a ina ka samo shi?"

Ka ce, "Ga shi nan riƙe da zarto. Ɗiyarka ce ta rubuta."

Ka miƙo mini takardun ka ce, "Na karanta maka tara. Saura hamsin da uku, da idonka za ka karanta, sannan ka je ka faɗa mata abin da ka gani. Yabona zai sama mata aiki, amma ba shi take jira ba."

Na bar ta ta bi ka, yau shekara shida. Ka koya mata aiki kamar kai ka haife ta, sunanta yana fitowa a ƙarshen wasa, uwarta tana tashi tsaye ta nuna wa baƙi. Ni kuwa ban taɓa ce mata komai ba sai "sannu da aiki". Takardun suna ƙarƙashin akwatin kayan aikina. Duk sanda muka haɗu ka ce, "Injiniya, shafi nawa?" In ce sha biyu. Ka ce, "Bara ma sha biyu ne." In ce ido ne, in ce ai ka san da yatsa nake bin layi. Ka san ba haka ba ne. A shafi na sha biyu ne 'yar mutumin ta fara magana a kan ubanta, ni kuma tsoron abin da za ta faɗa ya hana ni juya takarda.

Da na je duba ka a asibiti magana ta yi maka wuya. Ka dube ni, ka ɗaga yatsu kana lissafi a iska. Na ce na kusa. Ka yi murmushin wanda ya san ƙaryar kafinta tun ba yau ba.

Shekara goma sha ɗaya kana cewa ka tafi, muna dariya don mun san kana nan. Wannan karon ba ka ce komai ba, ƙofa ta buɗe. Da irin wadda mabuɗinta ke shiga aljihu ce, wallahi da na sake ɓoye shi, a kore ni.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka. Yadda ka rufa mini asiri a gaban manaja, Allah Ya rufa naka ranar da babu mai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka, da 'yan'uwanka, da duk waɗanda suka ci abinci ta hannunka, mu da yawa ne. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Saura abin da kake bi na. Na sayi tabarau, na cire igiya na gyara ƙofar gidana. Kullum da safe kafin in taɓa zarto ina karanta shafi biyu, yau ina na ashirin da ɗaya. 'Yar mutumin ba ta zage shi ba tukuna, ko da yake da sauran tafiya. Ranar da na kai na sittin da biyu, ko me na tarar a can, zan je in ƙwanƙwasa wa ɗiyata ƙofa, in zauna a gabanta in faɗa mata da bakina.