Ashirin da Tara a Hammatar Ɗan Fari

Ƙanena mai gyaran rediyo ne a Dogon Dutsi, kuma bai taɓa ƙarasa aiki ba. Shi ya haɗa mini ma'aunin zafi na injin ƙyanƙyasar ƙwan zabi, da wata 'yar ƙwaƙwalwa a ciki kamar ƙwayar gyaɗa. Sai dai abin ba ya ƙirga goma-goma irin na mutane, sha shida-sha shida yake yi. Ya ce in riɓa lambar farko sau sha shida in ƙara ta biyu, harafin A kuma goma ne. Na ce ya gyara, ya ce gobe. Sai bayan abin da zan faɗa ya koya wa abin ƙirga irin na mutane.

Ina aure a Dumega. Wata damina zazzaɓi ya kama ɗana na fari, ubansa yana gona mai nisa. Da hantsi na zaro wayar ma'aunin na sa masa a hammata. Ya nuna 27, wato talatin da tara. Kafin azahar ya koma 29. Na lissafa, na sake lissafawa, arba'in da ɗaya ne.

Wan mijina, da ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, ya leƙo ya ce, "Ashirin da tara? Yaron ga ya hi randa sanyi! Mai lahiya ma talatin da bakwai ne."

Na fara bayanin sha shida, surukata ta katse ni. "Ɗan hwari ne hwa. Ina kunyarki? A bari ubanai ya dawo."

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi gaban manya. Na koma tsintar wake, ina tsine wa ƙanena a zuci, idona yana kan gilashin ma'aunin. Ina kallo tara ta juye ta zama A. Arba'in da biyu.

Ban san lokacin da na watsar da waken ba. Na goya shi na fice ko mayafi babu, na tare ɗan kabu-kabu zuwa likita a Tibiri. A hanya kansa ya langaɓe a bayana, tsoro ya ci kunya, na shiga ƙwala masa kira da sunansa na yanka.

Muna gab da shiga gari ya motsa. Ya ɗaga kai yana waige-waige, yana neman kakarsa, don bai taɓa jin sunan nan a bakina ba.