Karan Gwanda a Jikin Magudana

Har yau in na ga karan ganyen gwanda, mai rami a ciki, sai gabana ya faɗi. Na tsufa, amma abin bai sake ni ba.

A ƙauyenmu, tsakanin Malumfashi da Funtua, akwai datsi na ƙasa da iyayenmu suka tare rafi da shi. Daga datsin aka haƙa magudana guda, ta bi gefen tudu, sama da lambuna. Kowane lambu da bakinsa, a toshe da laka, sai ranar da layi ya zo kansa a buɗe. Ruwan ba kyauta ba ne. In an cire albasa, kowa ya ba Sarkin Rafi kwando ɗaya, ya kai kasuwar Funtua ya sayar, a biya masu yashe magudana da masu daɓe gefenta.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, ina ɗan shekara goma sha biyu, Sarkin Rafi ya ce kwando biyu za a bayar, don ƙaguwa ta huda gefen magudana ko'ina. Baba ya ƙi. Ya ce ruwa Allah ya saukar da shi, ba Sarkin Rafi ba. Aka toshe bakin lambunmu. Daga nan ni ke ɗebo ruwa a tulu daga ƙasan rafi in na taso daga makarantar mishan, sahu bayan sahu, har wuyana ya sage.

Da zan ce tausayin Baba ya sa na yi abin da na yi, da na yi ƙarya. Ƙiwuya ce. Wata rana da la'asar na soka tsinin sanda a jikin magudana, daidai iyakarmu da lambun maƙwabcinmu Malam Sule, na zura karan gwanda a ramin, na rufe da ciyawa. Ruwa ya fara zuba a fangalinmu siriri. Na dawo gida ina jin ba wanda ya kai ni dabara.

Bayan tuwo muka taru a ɗakin kakarmu Iya Tabawa, kamar kullum a lokacin sanyi. Ta hura wutar kara, ta binne dankali a toka. Ni take kira maigidanta, irin wasan kaka da jika. Ta ga ina sosa hannu, don ruwan gwanda yana sa ƙaiƙayi. Ta kama hannun ta juya shi a hasken wuta, ta daɗe tana duban jar lakar da ke cikin farcena.

"Maigidana, me ya same ka?"

"Ba komai, Iya."

"Miji mai susa ba na so. Gobe zan nemi wani."

Ƙanwata Rahila ta yi ta dariya. Iya ba ta yi ba. Ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan a bakin ƙofa." Muka ce, "Ta shigo mu ji ta."

Ta ce an yi wani gari da ke shan ruwan wata tsohuwa mai zama a ƙarƙashin tafki. Ba ta karɓar kuɗi. Abin da take so kawai, duk wanda ya ɗebi ruwa ya kawo ƙwaryar laka ya liƙa a bakin tafkin, don ɗanta, wato ruwan, ba shi da hankali, in ya sami kafa fita yake yi. Sai wani mutum ya ga ɗaukar laka wahala ce. Ya huda 'yar ƙofa a ɓoye, kamar ta allura.

Ranar farko ya ga sawunsa yana cika da ruwa a kan busasshiyar hanya. Rana ta biyu ya tarar da gindin rumbunsa a jiƙe. Rana ta uku yana kwance ya ji ɗis, ɗis, a ƙarƙashin tabarma. Iya ta sassauta murya har sai da muka matso. "Ya ce, wane ne? Aka ce, baƙonka ne. Kai ka buɗe mini. Na bi ta gidan maƙwabcinka na cinye, na bi ta gidan ƙaninka na cinye, yanzu na iso wurin mai masaukina."

Rahila ta ƙanƙame ni.

"Iya, ya mutu?" in ji Rahila.

"Ban kai can ba. Na dai san da ya tashi tun ɗigon farko, laka cikin tafin hannu ta ishe shi." Ta tono dankali ta miƙo mini, idonta cikin nawa. "Yau da farin wata, maigidana. Hanyar rafi tas take. Tatsuniya ta koma inda ta fito."

Na gane sarai. Amma ban je ba. Ina tsoron in tarar da tsohuwar a bakin magudana, ina tsoron bulalar Baba in ya ji fitata. Na kwanta na lulluɓe kai, na ce da asuba zan je in zare karan.

Ihu ne ya tashe mu. Ruwa ya ci ƙasar da ke kewaye da karan har gefen magudana ya ɓalle. Lambun Malam Sule, albasa da tumatir da yake jiran cirewa, duk ya koma yashi. Na gan shi tsaye a ciki, laka har gwiwa, yana tsintar albasa ɗaya-ɗaya yana sakawa a aljihun riga. Karan ya bi ruwa. Amma wurin daidai lambunmu ne, kuma kowa ya san wanda ya ƙi biya. Baba ya rantse gaban Sarkin Rafi, ya rantse gaban dattawan ikkilisiya, ba wanda ya yarda. Ya ba da kwando biyun, ya yi kwanaki yana ɗaukar laka a ka, ina biye da shi da ƙaramin kwando, bakina a rufe. Malam Sule ya tafi ci-rani a shekarar don ya ciyar da gidansa. Yara suka riƙa kiran Baba ɓarawon ruwa a bayan idonsa, sunan kuma ya bi shi har kabari.

Iya ba ta tona ni ba. Ta ci gaba da yi mana tatsuniya, ta ci gaba da ba ni dankali. Sai dai daga ranar nan Ayuba take kirana, sunana na yanka, har ta rasu.

Da na girma na yi noman rani a ƙarƙashin madatsar gwamnati. In an zo karɓar kuɗin ruwa mutane suna gunaguni, ni ke fara biya, har ana yabona. Ba kirki ba ne, tsoro ne. Na daɗe kafin in gane Baba yana da gaskiya rabi: ruwa na Allah ne. Amma gefen da ke riƙe shi hannun mutum ne ke liƙawa, kuma in ya ɓalle ba lambun mai laifi yake fara ci ba.

Jikokin Malam Sule suna nan, wasunsu sun iya karatu. Don su na rubuta wannan. Ba Baba ba ne. Ni ne.