Igiyar Bakin Tanki na Tara

Milud ɗan Buziyan ya yi shekara arba'in yana wanke tankunan giyar inabi a Gidan Rubiyak, kuma har ya bar aikin ko ɗigo bai taɓa shiga bakinsa ba. In aka tambaye shi yadda ɗanɗanonta yake, sai ya ce a tambayi rigarsa, ita ce ta sha ta ƙoshi. Mutum ne ɗan tsurut, kafaɗunsa ba su da faɗi, kuma ƙanƙantar ce ta samo masa aikin, don bakin tankin bai fi faifai biyu ba.

Duk wanda ya tashi a kwarin Tarfa, nan yammacin Aljeriya, ya san gidan. Wani Bafaranshe mai suna Rubiyak ne ya kafa shi tun zamanin kakannin Milud, a kan ƙasar da aka ƙwace daga hannun kakannin nan, wannan kuwa ba wanda ya manta. Amma a faɗi gaskiya, mutumin ya san inabi. Lokacin da wata cuta ta bi gonaki tana cin saiwa, shi ya fara yi wa itatuwansa aure da wani iri mai taurin saiwa. Maƙwabta suka yi ta masa dariya, kafin shekara biyar duk sun zo roƙon reshe. Shi ne kuma ya fara ture gangunan katako gefe, ya haƙa tankunan siminti goma sha biyu a ƙarƙashin ƙasa, kowanne ya kai girman ɗaki, don kada zafi ya lalata tsimin. Yau ka shiga kowane gidan matsar inabi daga nan har kusa da birnin Wahran, irin ginin nan za ka tarar.

Abin da bai hango ba shi ne iskar. Inabi in yana tsima yana fitar da wata iska mai nauyi, ba a ganinta, sai ta sauka ta kwanta a gindin tanki. Mutum ya shaƙe ta kaɗan, gwiwoyinsa su saki, ko wayyo ba zai samu ya ce ba. Ta kashe wa da ƙani rana ɗaya a tanki na huɗu, ƙanin ya sauka ne ya ɗauko yayan. Tun daga ranar aka kafa doka. A fara zura kyandir, in ya mutu ba mai shiga. Wanda zai shiga a ɗaura masa igiya a ƙarƙashin hammata, kuma ya yi ta waƙa tun daga saman tsani har ya fito. Mai riƙe igiya kuwa kunnensa ne aikinsa, da waƙa ta yanke sai ya ja, ba tambaya. Wannan ma sauran gidaje suka kwaikwaya, shi ya sa in lokacin tsinkar inabi ya gabato, duk inda ka gifta a kwarin sai ka ji waƙa tana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa.

Mai riƙe igiyar Milud shi ne Kaddur, mijin yayarsa Haira, wani ƙato mai kaurin wuya wanda bakinsa ba ya hutawa. Shi ya kawo Milud gidan, shekara biyu kafin Faransawa su tattara nasu ya nasu su bar ƙasar. Kuma dai Allah bai ba Milud murya ba, wannan ba ƙage ba ne, duk mun ji ta.

"Kai Milud," Kaddur yakan ce, kansa a bakin tanki, "wallahi ba don tsoron yayarka ba da na toshe kunne na tafi shan kofi. Jakin maƙwabcinmu Ammi Jilali ya fi ka daɗin murya."

"To je ka riƙe wa jakin igiya mana, Si Kaddur, dama kun fi dacewa da juna."

"Waƙa aka ce ka yi, ba rashin kunya ba. Ci gaba, ɗan ƙadangare."

Haka suka yi ta yi. Iyalin Rubiyak suka shiga jirgin ruwa suka tafi, ma'aikata suka riƙe gidan da kansu. Daga baya aka zo da umurnin a tumɓuke inabi a shuka alkama, gidaje da yawa suka rufe, wannan ya tsira da ƙyar. A ƙauye akwai waɗanda ba sa cin kuskus ɗin gidan Milud ranar biki saboda inda yake aiki, ya sani, abin yana masa ciwo, amma bai taɓa ɗaga maganar ba. Ya ce shi bango yake wankewa, sauran kuma tsakaninsa ne da Mahaliccinsa. Haira ta rasu, 'ya'yan Kaddur biyu suka haye Faransa neman aiki, Kaddur ya koma cin abincin rana a gidan Milud. Duk tsawon wannan lokaci Milud bai taɓa yarda wani ya riƙe masa igiya ba. In Kaddur yana mura, tanki ya jira.

Zulaiha, matar Milud, ita ta fara lura. Wata rana tana kwashe kwanuka ta ce, "Mijin yayarka kunnensa ya tafi. Sau uku na yi masa magana ta bayansa, bai ko waiwayo ba."

"Ke dai ba kya rasa abin faɗa. Tunani ne ya yi masa yawa."

"To, tunani. Ni dai ba ni nake shiga rami ba."

Maganar ta zauna masa. Ya fara lura shi ma. A wurin shan kofi Kaddur yana kafe bakin mai magana da ido, dariyarsa kuma tana zuwa bayan ta kowa. Zagin da yake wurgowa cikin tanki bai ragu ba, sai dai ya daina dacewa da waƙar. Da can in Milud ya manta baiti, nan take Kaddur zai kama shi. Yanzu ko ya maimaita layi ɗaya sau goma, abin da zai ji daga sama shi ne maganar jakin Ammi Jilali, jakin da ya mutu shekara ashirin da suka wuce.

Ran wata Talata da hantsi, yana cikin tanki na tara, ya yanke shawarar gwadawa. Yana tsakiyar waƙa ya yi shiru. Ya tsaya da buroshi a hannu yana jiran igiya ta fizge shi. Ya ƙirga ashirin. Ya ƙirga hamsin. Igiyar tana nan a sake kamar an rataye ta a reshe. A nan ne tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a shekarunsa na rami, bayan tsoron kuma fushi ya biyo. Ashe kwana nawa ke nan yana sauka, ba kowa a sama? Ya kama tsani ya hau da niyyar ya ci wa Kaddur mutunci a gaban kowa.

Da ya leƙo waje, sai ya ga Kaddur zaune a kan akwatinsa, ya ɗan juya gefe, igiya nannaɗe a hannunsa har ta yi masa shaida. Yana kaɗa kai, yana buga ƙafa a ƙasa, leɓensa suna motsi. Yana bin waƙar da ta daɗe da yankewa. Milud ya tsaya yana kallonsa, fushin ya zube, tausayi ya cika masa ciki. Ya koma ƙasa a hankali, ya ɗauki waƙar daga inda ya ajiye ta.

Hanya a fili take. In ya faɗa wa Si Gauti, shugaban ma'aikata, a ranar za a karɓi igiyar a ba wani, kuma Si Gauti bai yi laifi ba. Amma Milud ya san gidan da Kaddur yake komawa, ba mata, ba 'ya'ya, ba ko kaza. Igiyar nan ce take tashinsa da safe. A ɗaya gefen kuma ga ransa, ga Zulaiha, ga 'ya'ya huɗu. Kwana biyu ya yi yana cewa bayansa na ciwo, bai sauka ba.

A rana ta uku ya zo da ƙyalle naɗe a wuya. Ya tsaya daidai gaban Kaddur, inda zai ga bakinsa, ya yi magana a hankali yana nuna maƙogwaro.

"Si Kaddur, muryata ta mutu. Likita ya ce in na ci gaba da ihu a rami zan rasa ta gaba ɗaya."

"Alhamdulillahi. A ba likitan nan rago."

"Tsaya ka ji. Zan riƙa yi ƙasa-ƙasa don doka, amma ba za ka ji ba. Duk goga goma zan ja igiya sau biyu, wato lafiya lau. In ka ƙirga ashirin ba ka ji ta motsa ba, ka ja."

Kaddur ya dube shi, ya ɗan daɗe, sannan ya ce, "Kunnena zai huta ke nan. Shekara talatin da bakwai ina shan azaba, sai yau Allah ya dube ni."

Haka aka koma. Aikin ya ƙara wuya, don dole igiya ta zauna a miƙe, tana cin hammata, ga ƙirga a ka, ga buroshi a hannu. Sauran ma'aikata suka ga abin suka tambaya, Milud ya ce ƙari ne a kan waƙa, tsaro biyu ya fi ɗaya. Zulaiha kaɗai ta san likitan nan ba shi da suna. Ta ce masa wauta ce, kuma in ya mutu a ramin ba za ta yafe masa ba, amma ba ta kai maganar waje ba.

A shekara ta biyu da fara hakan, ana tsakiyar matsa, tanki na takwas yana tsima, aka ce Milud ya wanke na tara don motocin inabi suna hanya. Aka zura kyandir, ya ci lafiya. Ba wanda ya san bututun da ya haɗa tankunan biyu yana yoyon iska. Milud ya goge bango ɗaya, ya sunkuya ya kama gindin na biyu. Abin da ya iya tunawa shi ne kansa ya sara, ya ɗaga hannu zai ja igiya, hannun ya ƙi.

Waɗanda suke wurin sun ce Kaddur bai ma kai ashirin ba. Ya miƙe, ya taka bakin tankin, ya ja da hannu biyu yana kiran mutane da wata irin murya da ta cika ginin. Tsoho ne mai shekara sittin da bakwai, igiya ta yage masa tafin hannu, bai saki ba har kan Milud ya fito, sannan mutum biyu suka kama hammata suka zaro shi. Aka shimfiɗa shi a tsakar gida, aka yi ta danna masa ƙirji har ya yi tari.

Kwana uku ya yi a asibiti. Ran da aka sallame shi, ya tarar da Kaddur a kan benci a bakin ƙofa, hannuwansa biyu naɗe da bandeji. Ya zauna kusa da shi. Kaddur bai dube shi ba, yana kallon titi, yana magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Na kai wa Si Gauti igiyar jiya. Na faɗa masa komai. Ranar da ka leƙo daga tanki na tara, na gan ka ta gefen ido. Na san ka daina waƙa, na san ka gane. Kunya ce ta hana ni juyowa, sai na ci gaba da kaɗa kai kamar mahaukaci. Na yi niyyar ajiye aikin, sai ga ka da ƙyalle a wuya da ƙaryar likita, ni kuma na karɓa don ba ni da zuciyar ƙi. Amma kafin wannan ranar, Milud, shekara guda cur na yi ina riƙe maka igiya ba na jin komai. Ɗan'uwan Haira, ni na kawo ka gidan nan da hannuna, kuma shekara guda ina wasa da ranka don kada in zauna a gida ni kaɗai. Ka yafe mini."

Milud ya ce ya yafe tun tuni. Ya ce ai da waƙa ake bi, a ranar nan ma da an makara, igiyar ce ta cece shi. Ya ce har yanzu jakin Ammi Jilali bai fi shi murya ba. Duk ya faɗa, da ƙarfi, har masu wucewa suna waiwaye. Kaddur yana nan yana kallon titi, hawaye na gangaro masa cikin gemu, yana jiran amsa.

Yanzu duk gidajen matsa na kwarin suna jan igiya sau biyu duk goga goma, ko da yake an kawo musu na'urar da take ƙara in iska ta ɓaci. Samarin da suke aikin suna cewa dabarar Rubiyak ce, kamar auren itatuwa da tankunan siminti. Milud ya ji su da kunnensa, bai gyara musu ba.

A kan bencin nan kuwa, da ya ga magana ba ta isa, sai ya miƙa hannu ya kama bakin rigar Kaddur, ya ja sau biyu.