Baba Bai Ce Wayyo Ba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, kuɗin man fetur sun cika ƙasa, kowa na ganin babu ciwon da zai gagari inji. Da farko Inna ce ke yi masa tausa da man shanu. Ita ba ta tambayarsa komai. Da ta ji tsoka ta ɗaure a tafinta sai ta sassauta.

Maigidana, wanda ke aikin asibiti a Tambuwal, ya samo aron wani inji mai miƙe ƙafa ya lanƙwasa ta da kansa. Muka kai injin gidan Baba a Kebbe har da janareto. Ya ɗaure ƙafar Baba a ciki, ya durƙusa ya ce, "Baba, in kun ji zafi ku faɗa, sai in rage."

Wane dattijo ne zai ce wayyo a gaban surukinsa? Injin na ja, gumi na zuba, Baba na jan carbi da hannunsa mai lafiya. Ko yaushe aka tambaye shi sai ya ce, "Babu komi, ɗana." Maigidana kuwa kunya ta hana shi ɗaga ido ya dubi fuskarsa, sai ya ƙara wa injin ƙarfi.

Gwiwar ta kumbura, ta ƙi lanƙwasuwa sam. Mutumin da ke salla a zaune ya koma yi a kwance har ya rasu.

Har yau ina jin haushin injin nan. Shi jira yake a gaya masa, Baba kuwa ya gwammace ya rasa gwiwarsa da ya kunyata mijin 'yarsa.