Jirgin Modu Mai Ƙugiya

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar watan Agusta, shekarar da na gama aji biyar na firamare. Muna zaune ni da Modu a rumfar Babana ta bandar kifi a kasuwar Gashua, muna shimfiɗa tsofaffin takardu a cikin kwalaye kafin a zuba kifin da za a loda zuwa Kudu. Takardun nan a buhu ake kawo su, jaridu da mujallu na ƙasashen da ba mu ma san sunansu ba. Can sai Modu ya zaro wani shafi mai sheƙi, ya ƙura masa ido. Hoton wani ƙaton jirgin ruwa ne, bayansa a shimfiɗe kamar filin ƙwallo, yana tsakiyar ruwan da ba a ganin gaɓarsa. A ƙasan hoton an jera jiragen yaƙi na sama guda biyu, rubutun kuwa ba Turanci ba ne, ba Larabci ba. Na kai hannu, ya janye, takardar ta yage: jirgi ɗaya ya zo hannuna, ɗayan da jirgin ruwan suka tsaya a nasa. A kan wannan yagaggen shafi mai warin kifi na rasa taubashina, kuma ba abin da ya jawo mini sai bakina.

Modu ɗan Gwaggona ne, ƙanwar Baba da ke aure a Nguru. Ɗan mace da ɗan namiji, ka ga taubasai ke nan, kuma kowa ya san dokar wannan zumunci: ka tsokane shi, ya tsokane ka, ya kira ka bawansa, ka kira shi naka, amma ba a fushi. Wanda ya fusata shi ne ya faɗi. Modu ya iya wannan wasa kamar don shi aka yi shi. Siriri ne, idonsa ƙanana, ba ya ɗaga murya, sai ya jefo maka magana ɗaya ya koma gefe yana kallon yadda za ka tafasa. Ni kuwa tun ina ƙarami a kusa nake. Duk dogon hutu Gwaggo takan sa shi a mota ya zo mana, mu kwana a tabarma ɗaya a zauren Kaka, mu yi asubancin yanko wa raguna ciyawa a bakin kogi, mu dawo mu ci ɗumame a kwano ɗaya. Yana sauka daga mota zai fara, wai ya zo duba ƙauyawansa na Gashua da ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Ni kuma in ce masa mutumin da ba zai iya tsallake kogi da iyo ba bai isa ya yi mana baki ba.

Gardamar da ta tashi ranar ita ce: a cikin jiragen nan biyu, wanne ne ya dace ya zauna a bayan wancan jirgin ruwa? Nawa dogo ne, siriri, hancinsa kamar tsinin mashi, kana gani ka san iska ma tsoronsa take. Na Modu kuwa gajere ne mai kaurin ƙafafu, ga wani ƙarfe yana reto a ƙarƙashin wutsiyarsa. Na ce ai ba sai an tambaya ba, wanda ya fi gudu shi ne na yaƙi, kuma ba mai hankalin da zai ɗora mummunan abu irin nasa a kan jirgi mai kyau haka. Modu ya kanga takardarsa a hasken rana, ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna mini wasu siraran layuka da suka gitta bayan jirgin ruwan. Ya ce igiyoyi ne, ƙarfen nan kuma ƙugiya ce ta kama su. "Naka zai tashi, Habu," in ji shi, "amma a ina zai tsaya?" Wallahi tambayar nan ta shige ni, kuma ita ce ta fara sa na tsane shi.

Kafin mako ya zagayo maganar ta cika unguwa. Yaran da ba wanda ya taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin bayan gari suka rabu biyu a kan teku. A wajen langa ana gardama, a hanyar makarantar allo ana gardama, a gonar geron Baba ma, inda aka tura mu korar tsuntsaye, sai mu bar gwangwanayen da muke kaɗawa mu tsaya muna zane a ƙasa da tsinke. 'Yan ɓangarena suna cewa kafin na Modu ya gama ɗaga ƙafa namu ya je ya yi yaƙin ya dawo. Nasa suna cewa ya dawo ina, cikin ruwa? Na daina cin abinci a kwano ɗaya da shi. Na ja tabarmata zuwa ɗaya kusurwar zauren. In muka je ciyawa, ya yanka a gabas in yanka a yamma. Shi duk wannan dariya yake ba shi, yana wucewa ta gabana sai ya lanƙwasa yatsa kamar ƙugiya ya ɗan ja bakin rigata. Kaka ta lura da ni, ta ce, "Kai Habu, taubashi da dariya ake rama masa, ba da kumburi ba." Na ji, amma ta bayan kunne.

Ni ne na ce a gwada, tunda gani ya kori ji. Muka zare tsofaffin karan dawa daga dangar Kaka, har sai da akuyar maƙwabta ta samu hanyar shiga. Kowa ya fere totuwa, ya tsaga ɓawon kara, irin yadda muke ƙera mota. Kwana uku na yi a kan nawa. Na goge shi sumul, na yi masa fukafukai da kwalin sigari, na shafa masa shuɗin bula na wanki, duk wanda ya gani sai ya ce a ba shi ya riƙe. Na Modu kuwa abin dariya, guntun kara mai kauri, ƙafafu huɗu na tsinke a baje, ya danna masa laka a ciki don nauyi, ya ɗaure masa lanƙwasasshiyar ƙayar sarƙaƙiya a wutsiya. Jirgin ruwanmu tsohon ƙyauren shago ne da muka tsinta a bayan kasuwa. Modu ya kafa ƙusoshi a gefe da gefe, ya gitta zaren buhu layi huɗu, ni kuma na bar shi don na ɗauka wahalar banza yake yi. Muka tura ƙyauren cikin kududdufin da ake buga tubali da rani, wanda damina ta cika taf, muka ɗaure shi da igiya a jikin wata giginya. Sharaɗin shi ne kowa ya jefa nasa daga gaɓa sau uku, wanda ya sauka a kan ƙyauren ya tsaya shi ke da gaskiya.

Da la'asar sakaliya yaran unguwa suka cika bakin kududdufin, har da 'yan mata masu tallar gyaɗa. Ni na fara. Jirgina ya tafi kamar kibiya, wallahi har yau ina jin daɗin tafiyar nan, ya taɓa ƙyauren, ya zame, ya faɗa ruwa ta ɗaya gefen. Na biyu ya wuce gaba ɗaya. Na uku, da kwalin ya jiƙe, ko rabin hanya bai kai ba. Modu ya zo ya lilla nasa a hankali kamar mai jefa wa kaza tsaba. Na farko ya faɗa ruwa, 'yan ɓangarena suka yi ihu. Na biyu ya dira a kan katakon, ya zame, sai ƙayar ta cafki zare na uku, ya tsaya cak yana rawa. Bai ma jefa na ukun ba. Ya shiga ruwa iya gwiwa ya jawo ƙyauren, ya ciro jirginsa, ya tsamo nawa yana ɗigar da shuɗi, ya miƙo mini da hannu biyu har da rusunawa, ya ce, "Ranka ya daɗe, Kyaftin Tsundum." Wurin ya ɗauki dariya, har yaran da suka yi mako biyu suna bayana.

Abin da ya kamata in yi na san shi. In yi dariya, in ce bawa ya yi wa ubangidansa aiki, in tura shi cikin ruwa, shi ke nan an tashi. Amma idona ya rufe. Na fizge jirginsa na taka shi da ƙafa, kuma ko wannan bai ishe ni ba. Akwai wata magana da na taɓa ji Innata tana yi da maƙwabciya ƙasa-ƙasa, cewa tun da jirgin ƙasa ya rage zuwa Nguru aikin dakon baban Modu a tasha ya mutu, shi ya sa Gwaggo take turo shi hutu, don a rage bakin ci ɗaya a gida. Ita na ɗauko. A gaban kowa na ce masa ya je ya koya wa ubansa dabara tukuna, in yana da ita, tunda ba don tuwon gidanmu ba da yunwa ta kashe shi a Nguru. Dariyar ta ɗauke. Modu bai zage ni ba, bai kawo mini duka ba. Ya dube ni, ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, ya wanke ƙafarsa a bakin ruwa, ya sa silifas ɗinsa ya tafi.

Bai ci tuwon dare ba, da safe bai taɓa koko ba. Ya ce wa Kaka gida yake so, ta yi juyin duniya ya ƙi faɗin dalili, sai da wata mai gyaɗa ta zo ta kwashe labarin duka ta faɗa. Baba ya zane ni da igiyar ragon layya, dukan da bai taɓa yi mini irinsa ba, sannan ya sa na durƙusa gaban Modu na ba shi haƙuri. Na faɗa da baki, zuciyata kuwa tana cewa ai jirgina ya fi kyau. Modu ya ce, "Ba komai." Ya ɗauki ledar kayansa, ya ƙi karɓar ƙullin kifin da Inna ta ɗaure wa Gwaggo, Baba ya raka shi tasha. Kaka ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce, "Magana zarar bunu ce, Habu. Ka zaro." Daga wannan shekara Modu bai sake yin hutu a Gashua ba. Ni kuma, don taurin kai, na mai da abin gaba. In aka je biki Nguru sai in zauna a mota, in an ambaci sunansa in tashi. Na shekara da shekaru ina gaya wa kaina shi ne ya fara.

Yanzu dukanmu mun yi iyali. Yarana ba su san ƙera komai da kara ba, a waya suke kallon jiragen nan suna sauka a bayan jirgin ruwa, ƙugiya tana cafke igiya, ba gardama ba musu. Bara na je sunan ɗan Modu a Nguru, ni da ƙanena Isiya, na shirya maganata tun daga hanya. Da na samu ya keɓe sai na ce masa, maganar jiragen nan fa, shi ne da gaskiya, kuma abin da na faɗa a bakin kududdufi har yau yana ci na. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, "Haba Malam Habu, yarinta ce, ai ya wuce." Ya sa aka shimfiɗa mini darduma a inuwa, aka kawo mini abinci a kwano na daban mai murfi, irin na manyan baƙi. Ina zaune ya hango Isiya. Nan take fuskarsa ta sake, ya lallaɓa ta baya ya fizge masa hula, yana cewa wa ya bar bawansa ya zauna cikin mutane, maza ya tashi ya wanke tukwane. Isiya ya bi shi da gudu, manya da su, suna zagaye rumfa, mata suna ta shewa. Na buɗe kwanona na ci, naman ya yi laushi, kowa ya wuce sai ya gaishe ni da ladabi. Har aka watse ba wanda ya taɓa hulata.