Shekarar da Kawu Ya Buɗe Rijiya

Shekarar da damina ta yi jinkiri, shanu suka sauko daga arewa tun amfani bai shiga rumbu ba. Garuruwa uku muka haɗa baki: namu, na kawuna, da wani can yamma da Tsarnawa. Dattawa suka zauna aka shafa fatiha, ba mai sakin gona, ba mai buɗe wa makiyaya rijiya, sai kowa ya gama girbi.

Ni wake gare ni a 'yar gonata, shi zai riƙe ni da 'ya'yana har wata damina. Kwana goma kawai yake nema ya bushe.

Dabarar kuwa ta ci. Shanu suna shan tafiya kafin su sha ruwa, har ardon makiyayan ya aiko a zauna a tsai da ranar sakin gona. Saura ƙiris.

Sai kawuna, wanda shi ne maigarinsu, ya ga nasu geron ya shiga rumbu. Bai shawarci kowa ba, ya kira ardo zaurensa suka shirya: shanu su sha a rijiyarsu, su ci kara, su kwana a gonakinsu su bar taki. Daga nan ardo bai sake maganar zama ba. Ya zauna ya nemi me, ga ruwa ga kara? Mutanen yamma suka ga haka, su ma suka bi sahu. Aka bar mu mu kaɗai, garke na kwana a kan iyakarmu. A kwana na uku na tarar da gonata kamar an share.

Ban ga laifin saniya ba. Shi ma ardo dabbobinsa ya nema wa. Wanda ya ɗaga hannu tare da mu ya shafa, shi ya ƙona min rai, har yau kuma ban huce ba.

Na taka har garinsu.

"Kawu, ina fatihar da anka yi?"

"Ɗiyata, sulhu alheri na. Ko so kike a zubda jini?"

"Kwana goma, Kawu. Mi za su rage ka da shi?"

Ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Da damina ta zagayo, geronsu ya fi ƙarfin ido saboda taki. Ya aiko min da dami biyu a amalanke, wai a gaishe da jikoki. Na so in mayar masa, amma rumbuna ba ko ƙwaya. Na sussuka, na daka, na dama wa yara. Suna sha suna sa wa kakansu albarka, ni kuwa na kasa kai ludayi baki.