Tumbin Atamfa

Yayana ya kai shekara talatin bai iya ƙirga yatsunsa ba. A Bagudo dolo ake ce masa. Mu na gida muna cewa bawan Allah, wai mu masu tausayi.

Kawunmu ne ya gano amfaninsa. Yana fitar da atamfa zuwa Dahome a ɓoye, sai ya lura masu tsaron iyaka ba sa laluben Yaya, dariya kawai suke masa. Ni nake naɗa masa turmi uku a ciki, in ɗaure da igiya, in zura masa babbar riga. A shinge sai su tare shi: "Mai ciki, yaushe haihuwa?" Su sa shi ya sara musu, ya taka rawa, tumbi na lilo, Kawu na biye da jaki yana washe baki. In sun dawo mu sa shi ya maimaita a tsakar gida. Ni ce mai ƙyaƙyatawa har da riƙe ciki. Tir da ni.

Kawu yakan ce, "Wanga bai san kunya ba. Gani shikai abokai nai na."

Shekarar mulkin kai aka sauya mutanen shingen. Ran nan da Yaya ya dawo, ya ƙi rawa. Kawu ya ce wani dattijo ne sabo a shingen ya ba Yaya hannu, ya zaunar da shi a inuwa, ya ba shi ruwa, ya sallame shi.

Da kasuwa ta zagayo na ɗauko atamfa, Yaya ya harɗe hannu a ƙirji.

"Yaya, ɗaga hannu, rana na yi."

"Ba ni ɗauka."

"Don mi?"

"Sabon mutumen ya ce min malam. Ba ni yi mai ƙarya."

"To na da fa? Ba abokanka na ba?"

"Waɗancan dariya sukai min."

Na tsaya da igiya a hannu. "Ashe ka sani?"

Ya dube ni ba fushi, yana share yawu a haɓa da bakin riga.

"Na sani mana. Dariyar irin taku ta."

Kawu ya daka tsawa daga zaure. Ni na ɗaga masa hannun da kaina, na naɗa, na ɗaure.